Uwar Ɗakin Ƙanƙara: Takalmin Taya Daga Landan Zuwa Zariyar Maraɗi

A bakin mutumin Maraɗi kalmar ƙanƙara abu biyu take nufi. Akwai wadda kan faɗo tare da ruwan farkon damina ta kakkarya ganyen shuka, akwai kuma dunƙulen da ake saye da la'asar a watan azumi, a naɗe shi cikin buhu a garzaya gida kafin ya narke. Ƙanƙarar da mutum zai tsaya a kanta ya yi gudu, har ya yi wasa, ba ta cikin lissafin garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Saboda haka tambayar da ke damun ɗan wasan Kanada ko Suwidin idan bazara ta narkar masa da fili, wato wane takalmin taya mai rahusa zai saya don ya ci gaba da buga ƙwallon gora da abokansa, tana iya zama kamar tatsuniya a unguwar Zariya ta Maraɗi, ko a Tibiri, ko a Jiratawa. Amma wannan tambaya ta rashi ce, kuma tarihin takalmin taya tun daga tushensa tarihin mutane ne da suka rasa abu suka nemi madadinsa. Masu iya magana sun ce a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ƙasar Hausa ma tana da nata babi a cikin labarin, ko da yake ta wata ƙofa ta shigo.

Zamiya a kan ƙanƙara tsohuwar al'ada ce a arewacin Turai. Da farko ƙashin dabba ake ɗaurewa a tafin ƙafa, daga baya mutanen Holan suka mayar da shi ƙarfe mai kaifi. Ƙwallon gora na ƙanƙara a sigarsa ta yau kuwa a Kanada ya tsaya da ƙafarsa, inda aka buga wasan farko mai tsari a cikin rufaffen fili a birnin Montreal ranar 3 ga Maris, 1875. Matsalar ita ce ƙanƙara baƙuwa ce, tana da lokacin zuwa da na tafiya, kuma tun kafin a san injin daskarar da ruwa masu sha'awar zamiya suka fara tunanin yadda za su yaudari yanayi.

Wanda aka fi dangantawa da yunƙurin farko shi ne John Joseph Merlin, wani maƙerin agogo da kayan kiɗa haifaffen garin Huy da ke Beljiyam ta yanzu, wanda ya zauna a Landan. A shekarun 1760 ya shiga wani taron shagali na masu hannu da shuni a kan takalmi mai ƙananan tayoyin ƙarfe, yana tafe yana goga gogen Turawa. Ya yi tanadin tafiya, bai yi tanadin tsayawa ba, sai ya faɗa wa wani babban madubi mai tsada, ya farfasa shi, ya karya gogen, ya ji wa kansa ciwo. Akan ba da labarin don raha, alhali a cikinsa akwai cikas ɗin da ya bi takalmin taya har yau: taya ta san gaba, ba ta san birki irin na ƙanƙara ba.

A 1819 wani Bafaranshe mai suna Petitbled ya sami takardar shaidar ƙirƙira a kan takalmi mai tayoyi a jere layi ɗaya. Shekara huɗu bayan haka, a 1823, Robert John Tyers, mai sayar da kayan marmari a Landan, ya fito da nasa mai taya biyar, kuma shi ne ya fara hango asirin al'amarin. Ya sa tayar tsakiya ta fi sauran girma, ta yadda takalmin ba ya kwanciya a ƙasa gaba ɗaya, sai ya riƙa ɗan lilo gaba da baya. Dalilinsa shi ne ruwan takalmin ƙanƙara ba miƙaƙƙe ba ne kamar na wuƙar mahauci, yana da ɗan lanƙwasa kamar gindin kwalekwale, kuma wannan lanƙwasar ce ke ba ɗan wasa damar juyawa a ɗan ƙanƙanin wuri. Duk wanda ya ƙera takalmin taya don mai zamiyar ƙanƙara daga wannan rana, wannan lanƙwasa yake ƙoƙarin kwaikwaya. A 1849 aka ga amfanin dabarar a dandalin wasan kwaikwayo na Faris, cikin wasan waƙe na Meyerbeer mai suna Le Prophète, inda aka buƙaci nuna mutane suna zamiya a kan daskararren tafki, sai aka sa wa 'yan rawa takalman taya.

Duk da haka jerin layi ɗaya bai yi nasara a wancan ƙarni ba. Tayoyin katako ne ko ƙarfe ko hauren giwa, ba sa kama ƙasa, kuma idon sawun mai koyo ba ya jure su. A 1863 James Plimpton na Amurka ya kawo takalmi mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya kamar na mota, wanda ke karkata idan mai shi ya jingina gefe. Wannan ya mamaye duniya fiye da shekara ɗari. A kansa aka gina wani nau'in ƙwallon gora na daban da ya yi ƙarfi a Fotugal da Sifen da Italiya da Ajantina, ya kuma bi Turawan Fotugal zuwa Afirka, har Angola ta karɓi gasar duniya ta wasan a 2013. Sai dai mai zamiyar ƙanƙara bai taɓa samun natsuwa da taya huɗu ba, domin ƙafarsa ta saba da tsayawa a kan layi siriri mai faɗin kamar milimita 3, ta karkata dama ko hagu a kan kaifi.

Abin da ya dawo da jerin layi ɗaya roba ce. A farkon shekarun 1970 aka fara yin tayoyi da robar foliyuretan, mai kama ƙasa kuma mai shanye girgiza. A 1979 Scott Olson, matashi ɗan wasan ƙwallon gora na ƙanƙara a jihar Minnesota, ya ci karo da wani tsohon takalmi mai tayoyi a jere a wani kantin kayan wasa. Shi da ɗan'uwansa Brennan suka shiga cire ruwan ƙarfe daga takalman ƙanƙara suna ɗaura tayoyin roba a gurbinsa, a ɗakin ƙasa na gidan iyayensu, suna sayar wa 'yan wasa irinsu masu neman abin motsa jiki da bazara. Daga nan kamfanin Rollerblade ya samo asali. Abin lura shi ne kayan farko na wannan kamfani ba sabon takalmi ba ne, tsohon takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi ne aka sauya wa gindi. Har gobe wannan na daga cikin hanyoyi mafi sauƙin kuɗi ga wanda ya mallaki takalmin ƙanƙara: ya kai wa mai gyara ya cire ruwan, ya ɗaura masa shasin taya.

Shekarun 1990 su ne lokacin cin kasuwa. Komawar Wayne Gretzky ƙungiyar Los Angeles Kings a watan Agusta na 1988 ta sa yaran Kalifoniya suka rungumi wasan a kan tituna da wuraren ajiye motoci. An kafa gasar ƙwararru ta Roller Hockey International a 1993, hukumar ƙwallon gora na ƙanƙara ta duniya kuma ta fara shirya gasar duniya ta masu takalmin taya a 1996. A tsakiyar shekarun Amurkawa sama da miliyan 20 ne ke hawa irin wannan takalmi. Sa'an nan guguwar ta lafa. Gasar ƙwararrun ta mutu bayan kakar 1999, hukumar duniya ta buga tata ta ƙarshe a 2017. Yayin ya wuce ya bar miliyoyin takalma a ɗakunan ajiya na Amurka da Turai, kuma duk mai bin tarihin gwanjo ya san inda irin waɗannan kaya kan ƙare.

Wannan yayi ya bar wani gado, wato rabuwar takalmin gida biyu, kuma a nan mai neman rahusa kan yi tuntuɓe. Akwai takalmin yawo, mai taushin jiki, mai dogon wuya, mai dogon shasi da birkin roba a dunduniya. An yi shi don tafiya miƙe a kan hanya. Akwai kuma na ƙwallon gora, wanda jikinsa mai tauri ne kamar na ƙanƙara, shasinsa gajere, ba shi da birki ko kaɗan, domin birkin dunduniya kan harɗe ƙafa idan ɗan wasa ya gicciya sawu a kan kwana. Na yawo ya fi yawa a kasuwa, ya kuma fi arha, shi ya sa ake yawan saye a yi da-na-sani. Domin a kwaikwayi yadda takalmin ƙanƙara ke tura jiki gaba, masu ƙera na wasa, irin su Mission da Bauer da CCM, sukan sa tayoyin baya su fi na gaba girma, alal misali milimita 80 a baya da 76 a gaba. Dabarar Tyers ce ta 1823 aka yi wa sabuwar riga.

Tsadar takalmin ƙwararru yawanci a wurare biyu take: rashin nauyi da tsananin tauri. Wanda zai buga wasa sau ɗaya a mako da abokai ba ya bukatar ko ɗaya, har ma taurin da ya wuce kima kan zame masa azaba. Abin da ba a yin rowa a kansa uku ne. Takalmin ya kama dunduniya kam, kada ta riƙa ɗagawa. Shasin ya zama na alminiyam, domin na roba kan lanƙwashe a ƙarƙashin babban mutum. Tayoyin kuma su dace da ƙasar da za a taka. Ana auna taurin taya da lamba mai harafin A a ƙarshe: daga 72A zuwa 76A masu taushi ne, na santsin rufaffen fili, daga 82A zuwa sama kuwa na kwalta da siminti. Wanda ya ɗauki masu taushi ya hau kwalta da su zai ga sun cinye kamar sabulu a hannun yara. Lambar ABEC da ake bugawa a jikin kwali da manyan haruffa kuwa, 5 ko 7 ko 9, ma'aunin daidaiton ƙira ne da aka yi don injinan masana'antu, ba ta faɗin komai game da jure ƙura. Akwai kuma abin da kuɗi ba sa saye. Mai zamiyar ƙanƙara yana tsayawa ne ta hanyar juya ƙafafunsa gicciye, kaifin ya kankare ƙanƙarar. Idan ya gwada haka a kan taya ran farko, tayar za ta cije, shi kuma ya wuce. Madubin Merlin na jiran kowa.

A Afirka an ga wannan dangantaka ta juye. A Nairobi, inda aka buɗe filin ƙanƙara a otal ɗin Panari a 2005, da yawa daga 'yan ƙungiyar Ice Lions a kan taya suka fara, a wani wurin ajiye motoci na tsakiyar gari da kan zama fayau ran Lahadi, daga baya suka hau ƙanƙara. A wurinsu tayar ce uwa, ƙanƙarar ce baƙuwa mai tsada da ake biya da awa. Kenya ta shiga hukumar duniya ta wasan a 2024.

A ƙasar Hausa kuwa sunan ƙwallon gora ya riga takalmin zuwa. Na kan ciyawa ne Ingilishi suka kawo makarantu da barikokin Nijeriya, kamar yadda ƙwallon dawaki ya sami gida a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A ɓangaren da Faransa ta mulka ko wannan bai kafu ba. Wasan da ya riƙe zuciyar Maraɗi kokowa ce, tun ma kafin Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, filin kokowar garin kuma sunansa yake ɗauke da shi. Kokowa wasan rairayi ce, rairayi kuwa shi ne babban maƙiyin taya.

Amma akwai waɗanda taya ta zame musu ƙafa tun kafin a ji sunan Rollerblade a wannan yanki, su ne mutanen da cutar shan inna ta shanye wa ƙafafu. A Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram an daɗe da sanin ɗan allon katako mai ƙananan tayoyi, wanda mai shi kan zauna a kai ya riƙa tura ƙasa da hannu, sau da yawa da silifa a tafin don kada ya goge. Kafinta da makaniken unguwa ke haɗa shi, da guntun katako da abin da makanikai ke kira boris, wanda aka ciro daga mataccen inji. Jama'a sun saba ganin wannan allo a bakin kasuwa da mahaɗar titi, sun ɗauke shi alamar bara. A 1988 Misbahu Lawan Didi, Bakano da shan inna ta kama tun yana yaro, ya mayar da shi kayan wasa. Ya tsara ƙwallon da ake bugawa da hannu a kan allon, aka sa masa suna para-soccer, aka yi masa dokoki da alƙalai da hukuma. Wasan ya bazu a jihohin Nijeriya, ya tsallaka wasu ƙasashe maƙwabta, an kuma riƙa shirya gasarsa a kusa da 24 ga Oktoba, ranar yaƙi da shan inna ta duniya. A Akara ta Gana ma an sami irinsa, inda ƙungiyar Rolling Rockets ta yi suna tana wasa a tashar mota ran Lahadi.

Idan aka ajiye Olson da Didi gefe da gefe, shekara tara ce kawai tsakanin abin da suka fara. Ɗaya ya rasa ƙanƙara na 'yan watanni, ɗaya ya rasa ƙafafu har abada, kowannensu ya ɗauki abin da ke hannunsa ya ɗora a kan taya. Na farko ya shiga littattafan kasuwanci, na biyu kuwa ko a tarihin wasannin Hausa ba kasafai ake ambatonsa tare da dambe da kokowa da langa ba, alhali wasa ne da Bahaushe ya ƙago, aka kuma san shekarar haihuwarsa da sunan mai shi. Wannan rashin adalci ne na marubuta, ba na 'yan wasa ba. Akwai kuma wani abu mai daɗi da ɗaci a tattare da shi. An cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu a 2006, an kuma ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020. Ke nan wasa ne da kowa, har masu buga shi, ke fatan 'yan wasansa su ragu.

To ina matsayin matashin Zariyar Maraɗi da ya ga takalmin taya a wayarsa ya yi sha'awa? Abu na farko da tarihin garinsa zai gaya masa shi ne batun ƙasa. Maraɗi ta asali, wadda sarakunan Katsina suka mayar da mazauni bayan jihadin farkon ƙarni na 19, a cikin kwarin Gulbi take. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashe ta zuwa tudu, aka yanka mata tituna masu faɗi a miƙe, kuma a kan wannan tudun rairayi unguwanni irin su Zariya suka tsiro daga baya. Faɗin titi ba ya amfanar taya idan yashi ne. Ayyukan Maraɗi Kwalliya, lokacin da garin ya karɓi bikin 18 ga Disamba na 2015, sun ƙara kwalta a cikin gari, sai dai kwaltar da manyan motoci da 'yan kabu-kabu ke rububi a kanta ba filin wasa ba ce. Haka hanyar da ta bi ta Tibiri, haka wadda ta yi kudu ta wajen Jiratawa ta nufi Ɗan Isa da Jibiya. Abin da ya rage shi ne daɓen siminti: filin ƙwallon kwando, farfajiyar makaranta, harabar da aka share. A kan irin wannan daɓe ne 'yan wasan allo suka gina wasansu, kuma girmansa ya isa mutum uku da uku su buga ƙwallon gora da ƙwallon roba maimakon faifai.

Abu na biyu shi ne hanyar da kayan ke zuwa. Shekaru da dama Alhazan Maraɗi sun yi arziki da kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a hauro da su Nijar, a sake tura su Nijeriya, kuma dilolin gwanjo na cikin manyan hajojin wannan fatauci, kafin rufe iyakar Binin a 2023 ya dagula hanyar. Takalmin taya da zai ɓullo daga irin wannan tuli kusan kullum na yawo ne, ragowar yayin 1990, kuma robar da ta shekara ashirin ko talatin a ajiye tana iya tsagewa a taku na farko, musamman a wurin da shasi ya haɗu da tafin. Mai saye sai ya murɗa takalmin da hannu biyu ya saurara, ya duba ko ƙusoshin tayoyin na kwancewa, ya tabbata ƙafa biyun ba 'yan gida daban-daban ba ne. Arha ba ta ado, balle a nan inda abin da za a yi asara ƙashin hannu ne.

Inda Maraɗi ta fi Minnesota sauƙi shi ne wurin gyara. Kowace taya tana ɗauke da boris biyu, wato 16 a takalmi ƙafa biyu mai taya takwas, kuma kusan dukkansu lamba ɗaya ce, 608: ramin ciki milimita 8, faɗin waje milimita 22. Wannan lamba ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce, ana samunta a cikin ƙananan injinan lantarki iri-iri, don haka mai sayar da kayan gyaran inji ya san ta ko da bai taɓa ganin takalmin ba. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan shige cikinsa ta haɗu da mai ta zama kamar ƙasar gini. Sai a zaɓi mai murfin roba maimakon na ƙarfe, a riƙa kwancewa ana wankewa da kananzir, a ɗiga man keken ɗinki, a kuma riƙa sauya wa tayoyin wuri da fuska, domin gefen ciki ne ke riga cinyewa.